Tambaya da Amsa: Bukin awa huɗu a faifai guda, mi ya sa fuskar amarya ta farfashe?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wallahi ni na ɗauka zancen faifan DVD ya mutu tun da kile da salula sunka cika gari, sai ga shi watan nan saƙonni sun yi ta shigowa a kanshi, ashe har yanzu in anka yi buki ba a miƙa ma tsohuwa faifai cikin kwali da hoton amarya a bayanshi ba, to a wurinta ba a ɗauki bukin ba. To bismillah. Ta farkon za ta ja mu da ɗan nisa don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ina fatan kana lahiya. Ni ƙanenka ne nan Tawa, ina ɗaukar buki. Satin da ya wuce na ɗauki wani arme tun daga ɗaurin arme har kai amarya, da na gama montaj ya kama awa 3 da minti 50, na grabe shi a DVD guda. A kwamfuta hoton tas yake amma da anka sa a tele fuskokin mutane kamar an jera bulo, wurin rawa kam ba a magana. Uwar amarya ta maido min faifan ta ce ba ta gane ɗiyarta ba. Na sake da wani faifai mai tsada duk ɗaya. Faifan ne ko na'urar grabe ɗin ce ta lalace?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, ka kwantar da hankalinka na'urarka lafiyarta lau, faifan ma bai yi maka laifin komi ba, kuɗin mai tsadan dai sun tafi sai haƙuri. Laifin na awa huɗun nan ne da ka danna wuri guda.

Ka ɗauka an ba uwargida tiya guda ta gero ta dama fura. In baƙi goma ne za su sha ta da kauri har ludayi ya tsaya, in kuwa sun kai arba'in ba ta da dabara sai ta yi ta tsinkawa da ruwa har ta koma farau-farau. Faifan DVD na yau da kullum tiya guda ne, 4.7 GB anka rubuta a jikinshi, kwamfuta za ta nuna maka wajen 4.37 don ita da 1024 take ƙirga ba da 1000 ba, ba wai mai shago ya cuce ka ba. Kaurin furar kuma shi ne abin da ake kira bitret, in manhajarka ta Faransanci ce za ka ga an rubuta débit, wato yawan bayanin da ake ba hoto a kowane sakan. Manhajar da ka yi aiki da ita ba ta yi maka gardama ba, ka ce mata awa huɗu ta ce to, ta ƙara ruwa.

Ga lissafin da nake yi kullum kafin in taɓa komi, ka rubuta shi a bangon shago in ka so: ka raba 600 da yawan mintocin bidiyonka, abin da ya fito shi ne megabit ɗin da kowane sakan zai samu, hoto da sauti a haɗe. In kana son sanin inda 600 ta fito, 4,700 sau 8 ya ba da 37,600, a rage ɗan wuri na menu da tarkacen faifai a bar 36,000, a raba da sakan 60, shi ke nan. Naka minti 230 ne, 600 a raba da 230 ya ba da 2.6 kawai. Bidiyon awa biyu na samun 5, na minti 90 na samun 6.6. Ka ga inda ka tsaya.

Kuma akwai wani tarko da nake zargin ka faɗa don ni ma na taɓa faɗawa lokacin da na fara, wato sauti. Wasu manhajojin suna barin sauti a PCM, wanda ba a matse shi ba ko kaɗan, shi kaɗai yana cin 1,536 kilobit a sakan. A bidiyon minti 230 wannan ya haura 2.6 GB, fiye da rabin faifan ke nan ya tafi ga ƙarar kalangu da hayaniyar yara, hoton amarya kuma an bar shi da ɗan abin da ya fi megabit ɗaya kaɗan. Na tuna daren da na gano haka, na yi ta zagin kamerata sati guda ashe layi ɗaya ne a cikin reglaj ban duba ba. Ka maida sauti AC-3, wanda ake rubuta Dolby Digital, ka sa kilobit 192 ko 224, a 48 kHz don shi DVD ke karɓa. Kunnen kowa ba zai ji bambanci ba a sautin buki, wallahi ko na makaɗin.

Abin da ya sa wurin rawa ya fi lalacewa kuwa, DVD da tsarin MPEG-2 yake aiki, shi kuma ba ya ajiye kowane hoto cikakke, yana ajiye cikakke guda kusan duk rabin sakan, tsakaninsu sai ya riƙa rubuta abin da ya canza kawai, yana yanka hoton ƙananan murabba'ai yana bin motsinsu. Lokacin da liman ke zaune yana addu'a, bango bai motsa ba, tabarma ba ta motsa ba, baki da hannu kawai, ɗan bayani kaɗan ya ishe shi shi ya sa wurin ya fito da kyau. Amma a shiga fili, mata hamsin da leshi da shadda mai ƙyalli, ana liƙi kuɗi na tashi sama, ƙura na tashi ƙasa, fitilar janareta na rawa, kai ma mai kamera ana ture ka hannunka na rawa, to komi ya canza a lokaci guda, bayani bai isa ba sai ya shafe kowane murabba'i da launi guda ya wuce. Bulon da ka gani ke nan. Duhu ma maƙiyi ne, wannan ɗan tsaki-tsakin da kamera ke yi da dare shi ma a wurin MPEG-2 motsi ne, yana cin rabonshi.

To mi za ka yi? Ni shawarata ka raba shi faifai biyu, ɗaurin arme da walima a ɗaya, kamu da rawa da kai amarya a ɗaya. Kowane zai kama wajen minti 115, lissafi ya ba da 5.2, ka cire na sauti ka ba hoto megabit 5, wato kilobit 5,000. Ka zaɓi VBR mai zagaye biyu maimakon CBR. CBR kowane sakan rabonshi ɗaya, liman da 'yan rawa duk ludayi guda, VBR mai zagaye biyu kuwa sai ya fara kallon bidiyon duka tukuna ya san inda ke da wuya, a zagaye na biyu ya rage ma wurin zama ya ƙara ma wurin rawa. Ka sa matsakaici 5,000, mafi yawa 8,000, mafi ƙaranci wajen 2,000. A manhajar Adobe Media Encoder akwai shirin MPEG2-DVD da ke da waɗannan gurabun uku, TMPGEnc ma haka. Zai ɗauki kusan ninkin lokaci, saboda haka ka sa shi da dare in gari ya yi sanyi kwamfuta ba ta haki, kuma in kana da ondilar, wato na'urar da ke riƙe ma kwamfuta wuta, ka haɗa don in kuran ya ɗauke a zagaye na biyu daga farko za ka koma.

Dokar DVD ta yarda hoto ya kai 9.8 megabit, duka-duka da sauti 10.08, amma kar ka ce za ka kai can ko da bidiyon gajere ne. Faifan da anka grabe a gida bai kai na kamfani sauƙin karantuwa ba, lektar ɗin gidajenmu kuma, wato na'urar kallon faifai, yawanci ta sha ƙura ta gaji, in ka cika mata baki sai ta riƙa sarƙewa. Bidiyon da bai kai awa ɗaya ba ka sa CBR 8,000 ka huta, ba sai ka ɓata dare da zagaye biyu ba.

Akwai faifai mai hawa biyu na 8.5 GB, DVD+R DL, a kanshi lissafin ya zama wajen 1,080 a raba da mintoci, naka zai samu 4.7, ba laifi. Sai dai ni ba na son shi ga aikin mutane, ya fi tsada, in ya lalace wajen grabe asarar ta fi zafi, kuma tsofaffin lektar na yawan tuntuɓe daidai inda ake tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu. In kuma masu buki sun kafe lallai sai faifai guda na 4.7, to ka rage girman hoton daga 720x576 zuwa 352x576, DVD ya yarda da wannan girman, hoton zai ɗan yi laushi amma ba zai farfashe ba, gara dishi-dishi da bulo.

Sannan tsakani da Allah ƙanena, awa 3 da minti 50? Wa zai zauna ya kalli minti ashirin na jerin motoci da babura suna hon? Ka sa almakashi. Amma ka yi hattara da inda kake yankewa, ka yanke mota ka yanke kujerun da ba kowa, kar ka kuskura ka yanke gwaggon ango tana ba da gudummawa, wannan shari'ar ta fi ta bulo tsawo.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce daga Bukoki nan Yamai. An yi sunan jikata, yara sun ɗauka da salula, na tara bidiyoyin da anka turo min ta WhatsApp na kai wani yaro ya sa min a faifai. Hoton ya fito siriri tsakiyar tele gefe da gefe baƙi, kuma ba shi da haske kamar yadda nake gani a waya. Ya ce ba laifinshi ba ne. Gaskiya ya faɗa?

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya raya jika ya yi mata albarka. Yaron nan ya fi rabin gaskiya. Siririn hoton daga masu ɗauka ne, sun riƙe waya a tsaye ita kuwa tele a kwance take, ba yadda za a yi tsayayyen hoto ya cika ta sai dai a ja shi ta gefe kowa ya koma gajere mai faɗin fuska kamar an zauna mishi a kai, ko a yanke kawuna da ƙafafu. Gara baƙin gefen nan da waɗannan biyun. Abin da masu montaj ke yi don ya yi kyan gani shi ne su cika gefen da hoton kanshi da anka dusashe, ki ce ya yi miki haka, ba wuya.

Rashin hasken kuma, duk bidiyon da anka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi ya zubar da abu mai yawa, in anka sake turawa daga hannu zuwa hannu wani lokaci a ƙara matsewa, abin da ya zube kuma ba reglaj ɗin da ke maido shi, ko bitret nawa yaron ya sa. Ki sa a nemo wayoyin da sunka ɗauka da kansu a kwashe na asalin da igiya zuwa kwamfuta, wanda ke nesa kuma ya turo a matsayin dokima, wato fayil, ta nan ba a taɓa shi kuma tun 2022 ana iya tura har 2 GB.

Ko da na asalin ma Hajiya kar ki sa rai faifan zai kai waya kyau. Wayar yanzu na ɗaukar 1920x1080, ɗigo sama da miliyan biyu, DVD kuwa tun 1996 ya fito, iyakarshi 720x576, ɗigo dubu 414 da 'yan kai, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. A tsohuwar tele mai ƙaton baya ba a lura, a babban allo na bango sai ya tona kanshi. Ki yi faifan don kakanni, amma ki ajiye na asalin a kile ko biyu, ɗaya wurinki ɗaya wurin uwar yarinyar.

TAMBAYA: Manhajata na tambaya PAL ko NTSC, ni kuma tun muna lakwal na san tsarin tele na Nijar SECAM ne. Wanne zan zaɓa? Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Yamai.

AMSA: Baba gaskiyarka ne, watsa tele na da a nan SECAM ne irin na Faransa, maƙwabtanmu Najeriya kuma PAL. Amma a faifan DVD babu SECAM, SECAM da PAL duka hotuna 25 ne a sakan, saboda haka PAL shi ne namu. Inda kawai nake kaucewa shi ne bidiyon salula, don yawancinsu 30 suke ɗauka a sakan, in ka tilasta su koma 25 manhaja na zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida sai ka ga tafiyar mutum na ɗan tsalle-tsalle. Irin wannan in duka bidiyon na waya ne NTSC ya fi dacewa da shi, 720x480 a 29.97, kuma yawancin lektar da ake saidawa a kasuwanninmu na karanta duka biyun, ka dai gwada a taka tukuna. Mai kamera kuwa ya saita ta a 25 ko 50 tun wurin ɗauka, kuran ɗinmu 50 Hz ne, hakan na rage walƙiyar da fitilu ke yi a hoto. Kuma ka duba wurin siffar hoto, 16:9 mai faɗi ko 4:3 irin na tsohuwar tele, ya dace da yadda anka ɗauka.

TAMBAYA: Malam na ɗauki kokowa a garinmu kusa da Konni, a faifai in 'yan kokowa sun motsa sai hoton ya riƙa karkarwa gaba da baya har ido ya yi ciwo, alhali minti 40 ne kawai kuma na sa 8,000.

AMSA: Ɗan'uwa wannan ba yunwar bitret ba ce, jerin layuka ne ya juye. Kamerori da yawa na raba kowane hoto gida biyu, a ɗauki layi a tsallake layi, ana ce musu layukan sama da layukan ƙasa, ɗaya na riga ɗaya da ɗan ƙiftawa, in ka gaya ma manhaja akasin yadda kamera ta ɗauka sai tele ta nuna na baya kafin na gaba. Tsofaffin kamerorin kaset na DV da layin ƙasa suke farawa, masu ɗaukar 1080i a kart kuma da na sama. Ka sauke MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗin asali za ta gaya maka wanne ne, ka sa daidai shi wurin fitarwa. A allon kwamfuta ba lallai ka ga matsalar ba, sai a tele.

TAMBAYA: Yaya barka da rana. Faifaina suna farawa lafiya amma in an kusa ƙarshe sai su tsaya cak ko su riƙa tsalle. Wani kuma da na kwafa MP4 a kai lektar ta ƙi shi gaba ɗaya. Ƙanwarka daga Wadata.

AMSA: Ƙanwata barka kadai. Na biyun tukuna don ya fi sauƙi: kwafa MP4 a faifai bai maida shi DVD na kallo ba, ya zama faifan ajiya kawai kamar kile. DVD na gaske in kin buɗe shi a kwamfuta za ki ga jaka mai suna VIDEO_TS, cikinta fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP, su lektar ke nema. DVDStyler na haɗa wannan kyauta har da menu, sai ki grabe da ita ko da ImgBurn. Wasu lektar masu tambarin DivX a goshi na karanta AVI kai tsaye, amma ba za ki san irin wadda ke gidan mai aiki ba.

Tsayawar ƙarshe kuma, shi faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi a fita waje, ƙarshen bidiyonki yana bakin-baki ke nan, kuma nan ne faifai mai araha ya fi rauni, nan ne kuma yatsu da ƙarzuwa sunka fi yawa. Kar ki cika shi maƙil, in kwamfuta ta nuna 4.37 ki tsaya wajen 4.2. Sannan gudun grabe, na san an rubuta 16x a jiki kuma mai aiki na tsaye a kanki yana duba agogo, amma ki sauko 8x ko 6x, bambancin 'yan mintoci ne, 8x wajen minti takwas zuwa tara yake gamawa. Ki kunna wurin tantancewa don in ya gama ya sake karanta abin da ya rubuta, kuma lokacin da yake aiki ki bar kwamfutar ta huta kar ki buɗe wani montaj. In lektar tsohuwa ce sosai ki gwada DVD-R maimakon DVD+R, shi ya riga fitowa kuma tsofaffin sun fi sanin shi.

Ni ba na miƙa faifai sai na sa shi a wata tsohuwar lektar da na ajiye ƙarƙashin tebur musamman don wannan, murfin tirenta ma ya karye da tsinke nake taimaka mata ta buɗe, in tsallaka zuwa babi na ƙarshe in kalli minti biyar na ƙarshen, in ta karanta to ta kowa za ta karanta. Shi ya sa nake sa babi duk minti biyar ko goma. Ki rubuta suna da maka mai laushi, ban da biro, ban da manna takarda don zafinmu na ɗaga ta faifan ya riƙa rawa a ciki. Ki gaya ma masu karɓa kar su bar shi a rana ko gaban mota, rubutun a kan wani ɗan rini yake kuma rana na cin shi, na taɓa mance guda a bakin taga cikin watan Afrilu kwana uku, da na ɗauko ya ɗan lanƙwashe kamar ƙosai ko lektar tawa mai haƙuri ba ta karɓe shi ba. In ya yi ƙura a goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Waɗanda sunka riga sunka fara tsayawa kuma ki yi sauri ki kwashe abin da ke kansu zuwa kwamfuta tun ana iya karantawa, na'urar kwamfuta ta fi lektar naci, sai ki sake grabe su a 8x.